Mai Tabarau da Ƙurar Zinariya

Mai Tabarau kowa ke kiransa, har matarsa in ta so tsokana. Shagonsa ɗan ƙarami ne a gindin wani bene: kujera ɗaya, allon haruffa a bango, sai injin goge gilashi mai kukan sauro. Nan autarsa ta tashi, tana ɗora gilashi kan gilashi tana leƙen tururuwa.

Da ta girma karatu ya kai ta nesa, aiki kuma ya riƙe ta can. Ta waya take ba shi labari: wai suna sa ƙurar zinariya, wadda ido ba ya iya gani, cikin ƙwayoyin halitta masu rai, su haska su da hasken da aka tace ya bi fuska ɗaya. Duk juyin da ƙurar ta yi sai ta ƙyalla ta dushe, da haka suke bin sawunta, ko wata rana magani ya bi wannan hanyar. Takan turo masa bidiyo. Ya kalla, ya nuna wa masu jiran gwajin ido, amma bai gamsu ba. Shi dai ya sa nasa idon a na'urar da suke kallon ƙurar da ita. Matarsa ta ce 'yarsa yake marmari, yake fakewa da na'ura. Bai musa ba.

Sai da hannunsa ya fara rawa, ya bar wa ƙanensa shagon, sannan tafiya wurinta ta yiwu.

Ya tarar da ɗakin aikinta da duhu da sanyi, na'urar na cikin akwati mai ɗumi don kada ƙwayoyin su mutu. Ya zagaya yana neman inda ake sa ido. Babu. Komai a fuskar kwamfuta yake fitowa.

"Ke ma ba ki taɓa gani da idonki ba?"

"Ban taɓa ba, Baba. Hasken ya yi ƙaranci, ido ba zai iya kama shi ba."

Sai ta jawo masa kujera, ta aza hannunsa kan maɓallin da ke juya matatar hasken, ta aza nata a sama. Suka murza a hankali. A fuskar kwamfutar wani ɗigo ya ɓace, ya dawo, yana rarrafe a gefen ƙwayar. Sun daɗe a haka, har abokin aikinta ya leƙo ya koma.

Ya dawo gida da mura. Yanzu yakan zauna ƙofar gida da hantsi, duk wanda ya tambaye shi abin da ya gano sai ya ce yarinyar ta rame, ba ta cin abinci kan lokaci, ya kamata a ba ta hutu ta zo.