Kujerar da Na Ɗinka wa Riga

Duk ranar da aka sauke ɗanyen maɗaci a rumfar aikina, sai na tsaya na shaƙi wannan ƙamshi mai ɗaci-ɗaci kafin in bari a taɓa shi. Ma'aikatana sun ɗauka duba ingancin icen nake yi. Ba su san gidanmu nake tunawa ba, wani ƙauye tsakanin Sabuwa da Faskari, inda kakana yake sassaƙa a ƙarƙashin ɗorawa.

Baba Tsoho muke ce masa. Turmi, akushi, kujerar mata 'yar tsugunno, babu wanda hannunsa bai iya ba. Da an gama girbi sai ya shiga daji da gatari, ya kwana biyu yana zaɓen ice kamar mai zaɓen suruki. In ya dawo, ƙarar gizagonsa ce ke tashe mu da safe. Ni kuwa, da yake jikarsa ce, amarya yake kirana, yana tsokanata wai ban iya tuwo ba, zai sake ni.

Ina da shekara tara ko goma kuɗin mai suka iso har wajenmu. Kai da ba ka ga lokacin ba, da wuya ka gane saurin abin. Damina ɗaya aka yi, sai ga rediyo a kusan kowane zaure, samari sun bar gona sun bi kamfanin titi, mahaifina ma yana cikinsu. Amare suka daina son akushi, sai kwanuka masu fure. Kujera kuwa sai ta ƙarfe, ko kushin in mijin ɗan kwangila ne.

Wata ranar kasuwar Kankara na bi Baba Tsoho da Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda take ɗinki da keken hannu, za ta sayo zare. Ya jera kujerunsa takwas a inda ya saba. Tun hantsi har la'asar babu wanda ya taya. Dab da mu wani ya baza kujerun kushin da ya ɗauko daga Kaduna, mata sun yi masa dafifi, kowace tana danna su da yatsa tana dariya. Wata ma ta jawo kujerar kakana ta zauna a kai, don ta ji daɗin kallon na Kaduna. Da yamma Baba Tsoho ya ɗaure kayansa takwas yadda ya kawo su, muka hau motar kasuwa. A hanya bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai damuna.

Da muka dawo ya jingine gizago a bayan rumbu. Kwana huɗu gidan shiru.

A ƙuruciyata sai na yanke hukunci cewa tsiraici ne ya hana a sayi kujerun. Na Kaduna suna da riga, namu babu. A cikin akwatin Inna, mahaifiyata, akwai sabuwar atamfa shuɗiya mai zanen ganye, wadda mahaifina ya aiko mata da albashinsa na farko. Ko ɗinkawa ba ta yi ba, Sallah take jira. Na bari ta tafi rijiya, na ɗauki almakashin Goggo na yanke fiye da kamu biyu daga tsakiya. Na tsinto audugar rimi na cusa, na lulluɓe kujera guda tun daga sama har ƙafafu, na ɗinke da allura. Ta fito kamar tunkiya da aka sa wa zane.

Inna ta dawo ta gani, tulun da ke kanta ya kusa faɗuwa. Ta zauna a ƙasa tana juya sauran atamfar, hawaye na zuba, ba ta ko ɗaga murya ba. Da duka ta yi min da ya fi min sauƙi. Sai a lokacin na tuna wannan ce atamfa ta farko da ta taɓa mallaka sabuwa fil.

Baba Tsoho ya fito, ya ɗaga kujerar ya jujjuya.

"Amarya, mi kika yi haka?"

"Don a saya ne, Baba," na ce, ina kuka.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Kunyar aikina kike ji, shi ya sa kika ɓoye shi?"

Goggo ce ta karɓi kujerar, ta kai ta kusa da idonta tana bin ɗinkin da farce. Ta ce, "Baba, ɓarna dai ta yi, amma ka dubi layin nan. Ni na shekara ina koyo kafin nawa ya miƙe haka."

Ya sa wuƙa ya farke rigar daga ƙafafun, ya bar ta saman kawai inda ake zama. Ƙafafun maɗacin suka bayyana, ja-ja, da ɗan zanen da yake ƙona musu da ƙarfe mai zafi. Shuɗin ya hau kan jan icen, suka dace. Ya danna audugar da tafin hannu, ya zauna a kai a hankali, kamar mai tsoron ta cije shi.

"Ga tsoho dai da daɗi," in ji shi. "Amma in za ki sa wa ice riga, ki bar mashi fuska."

Washegari ƙarar gizago ta tashe mu. Hukuncina shi ne tsintar audugar rimi duk ranin nan, da zama gaban Goggo kullum bayan makarantar allo. Shi yana sassaƙa, ya ƙara wa kujerun majingini da ɗan tsawo, mu muna ɗinka saman da ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin mutane. Ba zan ce maka mun kori kushin daga kasuwa ba. Amma wata amarya a Faskari ta sa an kai mata huɗu, ƙawayenta suka gani, aka fara aiko saƙo. Baba Tsoho ya ci gaba da sassaƙa har shekarar da idonsa ya gaza. Inna kuwa Goggo ta haɗa mata riga da ɗankwali daga abin da ya saura, ta yi Sallah da tsohon zane a ƙasa. Ta yi wata guda ba ta aike ni ko ɗebo wuta ba, sannan ta huce.

Daga baya na yi makaranta, na koyi zane a takarda, na buɗe shago a Kaduna. Yau ina ɗinka tufafi, ina ƙera kujeru da gadaje, har ƙasashen waje ake kai su. Ƙauyenmu kuwa rabona da shi shekaru, dajin da ake saran ice ya zama wurin da ba a shiga, mutanenmu sun watse garuruwa.

Bara wasu dattawa uku daga wajen Sabuwa suka yi sallama a ƙofar shagon, suna neman aikin gadi. Na dubi tafin hannunsu, na tambayi sana'arsu ta gida. Masassaƙa ne, sai na ɗauke su aikin sassaƙa maimakon gadi. Yanzu suna bayan rumfa, sun ƙi benci, a ƙasa suke zama da gizagonsu. Injina yana fitar da ƙafar kujera ashirin kafin su gama guda. Amma duk wadda ta fito daga injin sai babbansu ya shafa ta da babban yatsa, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wagga ba ta ji hannu ba tukuna." Ni kuma ban taɓa yi masa gardama ba, miƙa masa nake yi.