Sillen Karan Kawu

Jiya ana biki a maƙwabta, lasifikarsu tana ta ƙugi a ƙarƙashin kiɗa, babu wanda ya damu. Ni kuwa sai na ajiye tsintsiya, Kawu ya faɗo mini a rai.

Daga Ɗanbatta har Bagwai, wurinsa masu jita ke kawo gyaran tsohuwar amfilifaya, irin mai kwalabe a ciki da suke ja kamar garwashi. Abin da ba su sani ba, da tsufa ya zo kunnensa ya yi nauyi. Babban tsoronsa su gane, su ɗauke ƙafa, a bar shi shi kaɗai a zaure.

Sai ya ce wa mai kaya, "Malam, jira ni, cikin gida ya fi haske." Ya shigo da amfilifayar har gindin turmina, ya tayar da ɗan injin wuta, warin ƙura mai zafi ya tashi. Ya ɗauki sillen kara yana ƙwanƙwasa kwalaben ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan fuskata. Da ya taɓa mai tsuwa, sai na yamutsa fuska.

"Ita ce munafukar?"

"Ita ce, Kawu."

"Ai na ji, gwada ki nake yi."

Har ya koma ga Allah asirinmu bai tonu ba, zauren bai rabu da baƙi ba. Yau an rufe shi. Kunnena yana nan garau, amma babu mai kallon fuskata.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya buɗe maka kunne a Aljanna, ka ji komai da kanka, babu ƙugi.