Tururuwa da Kuɗin Fito

Daren wata Alhamis ne, bayan sallar isha'i, a tsakiyar daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Mu uku ne a rumfar girki ta gidanmu na Dawaki: ni, da yayata Adda Hauwa, da kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya. An ɗauke wuta tun magariba. Ruwa ya tsagaita, amma indararo bai daina ɗiga a bokiti ba. Iya ta jera masara a kan garwashin da ya rage daga tuwon dare, tana juya su da yatsu kamar wuta ba ta cin ta.

Iya mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Katsina. Fatauci ne ya kawo kakanmu Gombe, ita kuma ta biyo shi. Ni "maigida" take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Matso, maigida. Ba ka ba da na cefane ba, amma kai ne kan gaba wajen masara." Ta miƙo mini ɗaya. "To, ga ta nan tafe, ku ba ta kunne."

"Ta zo mu ji ta," in ji mu.

Wai ƙanwar Tururuwa ce ta haihu a ƙetaren kogi, aka aiko mata da ranar suna. Tururuwa ta ce ita ba za ta je hannu Rabbana ba. Ta shiga tara gero ƙwaya-ƙwaya: ƙoƙo guda na barka, ƙwaya ɗaya ta Kwaɗo mai fito. Ranar da ƙoƙon ya cika, maƙwabciyarta Gara ta tashi aurar da 'ya. Gara ta taɓa yi mata biki, dole ta rama. Ta juye mata geron, ta sake sabon tari. Da ya sake cika, ta ɗauka sai bakin kogi.

A nan Iya kan kumbura kumatu ta yi muryar Kwaɗo: "Ƙwaya ɗaya? Wannan ai kuɗin jiya ne. Ba ki ga ruwa ya ƙaru ba? Biyu!"

Tururuwa ta dubi ƙoƙonta. In ta ɗiba a ciki, ba zai isa a cike ba. Ta koma gida neman cikon. Da ta dawo, uku ne. Haka dai, har ran da Allah ya yi ta haye. Ta tarar da wata tsohuwa a ƙofar gida tana kaɗi. Ta ce, "Barka na zo, ina jaririya?" Tsohuwa ta ce, "Ni ce jaririyar. Ƙanwarki da kika zo dominta ta daɗe da kwanta dama."

Muka yi ta dariya. Adda Hauwa ta ce, "Iya, me ya hana ta tafi haka nan?"

"Kunya, 'yar nan. Ta fi ƙoƙon gero nauyi." Ta ture garwashin da itace. "Ƙurunƙus. Ku tashi, kan ɓeran ya ƙone tare da masarata."

Bayan rasuwar kakanmu, Iya ta koma ƙauyensu. Na yi aure, na kama haya a Nasarawo. Da matata Zainab ta haifi mace, na sa mata sunan Iya, muke kiranta Ummi. Ciwon gwiwa ya hana Iya zuwa suna. Da wayar wani ɗan ƙaninta ta kira ni.

"Maigida, ka kawo mini takwarata in tofa mata albarka."

Na ce da zarar an yi arba'in.

Na sami ambulan na rubuta "tafiya" a bayansa. Na yi lissafin kujera biyu zuwa da dawowa, da turmin atamfa, da sabulu, da sukari, da 'yan canjin da za a miƙa wa dattawan da za su shigo gaisuwa. Jikan da ke cin albashi a birni ba ya shiga ƙauye hannu Rabbana. Karon farko kuɗin haya ne ya buɗe ambulan ɗin. Karo na biyu Adda Hauwa ce ta aurar da 'yarta, ita da ta ɗauki nauyin girkin sunan Ummi. Karo na uku ya cika, na hau acaɓa zuwa tasha in kama kujera.

Ɗan kamasho ya dubi abin da na miƙa, ya yi dariya. "Oga, wannan ai kuɗin bara ne. Je ka gidan mai ka tambaya."

Ina tsaye a wurin na gane cikin wace tatsuniya nake. Ganewar ba ta ƙara ko sisi a ambulan ba. Gaskiyar magana, in an cire tsaraba, kuɗin sun isa su kai mu su dawo da mu. Na mai da su aljihu, na koma gida.

Da Iya ta sake kira, ta ce, "Ka zo haka nan. Sabulun da ka aiko bara ma ban gama da shi ba."

"Iya, ƙarshen wata, in sha Allahu."

"Wai watanku na Gombe ba ya ƙarewa ne?"

Muna yara, wawiya muka ɗauki Tururuwa. Yanzu idan na bi tatsuniyar daki-daki, ba na samun wanda zan kama da laifi. Gara tana da hakkinta. Kwaɗo bai yi ƙarya ba, ruwa ya ƙaru. Ina jin shi ya sa Iya ba ta taɓa cewa ga darasi ba. Ta faɗi nauyin abin ne kawai, ba ta faɗi yadda ake sauke shi ba. Har yau ban sani ba.

Wata Talata, bayan sallar asuba, Adda Hauwa ta kira ni tana kuka. Kafin hantsi maƙwabta da abokan aiki sun haɗa mana kuɗin mota, babu wanda ya ambaci tsaraba. Mun isa ƙauyen bayan isha'i. An binne Iya tun kafin azahar. Ummi tana da shekara ɗaya da wata huɗu, da ƙafarta ta shiga ɗakin.