Jar Karsana Mai Yankakken Kunne

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ina tsoron in rubuta abin da zai zama ƙazafi a kan mutumin da ya riga mu gidan gaskiya. Don haka zan faɗi abin da idona ya gani kawai, inda ban sani ba in ce ban sani ba.

Ni tela ne a Ƙaura Namoda. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ɗiyata ta fari tana da shekara huɗu. Uwarta Bafulatana ce, danginta suna zaune a rugar da ke wajen Dauran. Tana da ƙane guda, saurayi mai fara'a da yawan tsokana, kuma akwai wasa tsakanina da shi kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanen matarsa.

Wata Juma'a da hantsi, bayan ƙaramar salla da kwana kaɗan, ya yi sallama a ƙofar gidanmu riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar akwai jar karsana, ba ta kai shekara biyu ba.

Ya ce, "Yaya tela, matsa mini. Ba wurinka na zo ba, wurin ɗiyata na zo."

Ya ɗauki yarinyar, ya ɗora hannunta a bayan karsanar, ya ce mata, "Taki ce. Ko babanki ya taɓa ta, ki kawo mini ƙara."

Matata ta yi guɗa har da hawaye. A wurinsu haka ake yi: a ba yaro dabba tun yana ƙarami, su tashi tare, abin da ta haifa nasa ne. Ita ma an yi mata, sai dai tata ta mutu a wata annoba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a tabarma tana gyaran wake. Ba ta yi murna ba.

Ta ce, "Yaro, an gode. Amma ɗiya mai shekara huɗu, mi za ta yi da saniya? Takalmi ake kawo mata, ko ɗan kunne. Wagga aba idon mutane za ta jawo mata. Kuma a ina za a ɗaure ta, bisa keken ɗinki?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, takalmi wata uku ya ƙare. Wagga har jikokinta sai sun sha nononta."

Ni kuwa ina kallon kunnen karsanar na hagu. An yanke bakinsa, yankan bai gama warkewa ba, an shafa masa toka. Na zagaya bayanta. A cinya akwai lalas, wato shaidar da ake yi da ƙarfe mai zafi, sai na ga kamar sabo ne aka ɗora a kan tsoho. Ban san shanu ba, amma na san ɗinkin da aka bi ta kan wani ɗinki. Aikina ke nan kullum.

Na san kuma wani abu. Shanun gidansu farare ne duka, kuma bayan ciwon huhun da ya shiga garkensu, abin da ya rage masa bai wuce uku ba.

Na ja shi zaure na ce, "Ina ka samo ta?"

Ya ce, "Musanya na yi a karar shanu ta Shinkafi ranar Alhamis."

"Kunnen fa?"

"Kaska ta ci shi, na yanke. Yaya tela, yaushe ka zama likitan dabbobi? Kai da ko akuya ta yi atishawa sai ka ruga."

Ya yi dariya, na yi dariya. Amma bai tsaya cin abinci ba, shi da ba ya barin tuwon yayarsa. Ko masallacin Juma'a bai jira ba.

Mako biyu gidanmu ba daɗi. Inna ta dage a mayar, ko a sayar a saya wa yarinya tunkiya. Matata ta ce mayar da kyautar kawu zagi ne, in aka yi haka ba ta da fuskar komawa ruga. Ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba, ta bakina kowacce take aika maganarta. Inna ta ce, "Gaya wa matarka gidan nan ba ruga ba ne." Matata ta ce, "Malam, in ɗan'uwanka ne ya kawo, da haka za a yi?" Ita kuwa yarinyar ta riga ta shaƙu da dabbar. Dusa take kai mata a ƙaramar tasa, tana yi mata hira, tana hana ƙudaje sauka a kunnen.

Duk gardamarsu a kan dacewa ce da al'ada. Abin da ke cina ban faɗa wa kowacce ba.

A kwanakin nan ne aka yi ta maganar wani mutum da aka yanke wa hannu saboda satar saniya. A rediyo, a majalisa, a shagona, ba a da wata hira. Masu kawo ɗinki suna cewa alhamdu lillahi, yanzu mai dabba zai yi barci. Ni ma na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa, don na yi murna da zuwan shari'a. Amma ina taka keke ina ganin hannun ƙanen matata, wanda ya ɗora hannun ɗiyata a bayan karsanar. In na yi magana, mai yiwuwa hannun nan ya tafi. In na yi shiru, mai yiwuwa in ciyar da ɗiyata da haram, tun ba ta san haram ba.

Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar. Na jira kowa ya tashi, na ce ina da tambaya a kan wani abokina da aka ba ɗansa dabba, yana shakkar asalinta. Ya ce zato ba hujja ba ne, kuma ba a tuhumar Musulmi da zato. Har na fara jin sanyi. Sai ya ƙara da cewa amma wanda ya ga alama ya kau da kai da gangan, wannan ba za a ce bai sani ba. Ya dube ni ya ce, "Abokin naka, a wace unguwa yake?" Na ce ba ɗan garin nan ba ne. Na yi wa malamina ƙarya a zaurensa, da littafi buɗe a gabansa.

Bayan kamar wata guda, ranar kasuwa, wani dattijo ya tsaya a shagona. Dogo ne, siriri, idonsa na dama yana da yana, yana riƙe da sanda da buta. Aljihun rigarsa ya yage, ya cire ta ya ba ni, ya zauna a benci da 'yar shara. Ina ɗinki yana ba ni labari, yadda baƙo kan yi in ya gaji da tafiya. Ya ce daga wajen Badarawa yake. Karsanarsa ta ɓata tun cikin azumi, ya bi kasuwar Shinkafi, ya bi ta Zurmi, yau ga shi a nan.

Na ce, "Wace iri ce, Baba?"

Ya ce, "Ja ce. Tana da tsaga biyu a bakin kunnen hagu, shaidar gidanmu tun kakana."

Allurar ta shiga yatsana, ban ji zafi ba sai da na ga jini a rigarsa. Tsaga biyu a bakin kunnen hagu. Wurin da aka yanke wa tamu ke nan. Gidana bai kai tafiyar minti biyar daga shagon ba. A shagon da ke kusa da nawa kuwa 'yan agaji biyu, masu sa ido a kan shari'a, suna zaune suna shan fura, cikin kayansu.

Ya ce, "Kai da ke zaune bakin hanya, ko ka ji wani labari?"

Na ce, "Allah ya bayyana ta, Baba."

Ya ce amin. Ya miƙo kuɗin ɗinki, na ƙi karɓa. Ya yi ta sa mini albarka, ya ce irina sun yi ƙaranci. Ya sa rigarsa ya shiga kasuwa.

Washegari na goyi bayan Inna a gaban matata, na ce gidan ya yi ƙanƙanta. Aka yi sulhu: ba za a mayar ba, ba za a sayar ba, za a kai ta Ɗan Isa wurin ƙanen mahaifina ya riƙa kiwo. Inna ta ɗauka ta yi nasara, matata ma haka. Yarinyar ta yi kuka kwana uku. Ni na san ɓoye ta na yi.

Ban sake tambayar ƙanen matata ba. Duk zuwansa sai in shirya maganar, sai ya fara tsokanata, sai in bari zuwa wani zuwan. Zazzaɓi ya kashe shi kafin ya yi aure. Jajayen shanu suna da yawa a ƙasar nan, kuma kaska tana cin kunne, na tambayi makiyaya sun tabbatar mini. Mai yiwuwa gaskiya ya gaya mini, ni ne na zalunce shi a zuciyata duk shekarun nan. Mai yiwuwa kuma a kara aka cuce shi, bai sani ba.

Karsanar ta yi albarka. Ta haihu, 'ya'yanta sun haihu. Wasu sun tafi a rashin zaman lafiyar da ya same mu daga baya, sauran muka matso da su kusa da gari. Bana ɗiyata, wadda yanzu take da nata 'ya'yan, ta zo ta durƙusa ta ce tana so a sayar da su ta biya mini kujerar Makka. Na ce ta ba ni lokaci. Ta ɗauka kunya nake ji.

Ba zan iya tsayawa a Arfa da abin da ban san mai shi ba. Dattijon nan da wuya yana raye, amma yana da magada. Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanen wajen Badarawa da ƙauyukan Shinkafi: in kun san gidan da shaidar shanunsu tsaga biyu ce a kunnen hagu, waɗanda jar karsana ta ɓace musu cikin azumin shekarar da aka fara shari'a, ku aiko mini ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. In ma sun ga tasu daga baya, don Allah a gaya mini, ina bukatar sanin wannan ɗin ma.