Rabin Kaset Ɗin Yaya Isyaku

A watan nan Yaya Isyaku ya cika shekara ashirin da uku da rasuwa. Na zaci in shekaru suka ja zuciyata za ta yi sanyi, amma ba ta yi ba. Duk sanda na tuna yadda aka yi da sunan mutumin nan sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru, kuma cikin waɗanda nake jin haushinsu har da ni kaina.

Ba ɗan'uwana na jini ba ne. Unguwarmu ɗaya a Kano, ya girme ni da shekara tara, shi ya sa nake ce masa Yaya. Shi ya kai ni Guangzhou a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da Hausawan garin duka ba mu fi mu cika tabarma biyu ba. Muna haya a unguwar Dengfeng, hawa na shida, kuma da ƙafa ake hawa. Sinancinsa bai wuce kalma biyar ba. Kowane mai shago lawban ne a wurinsa, wato maigida, in kuwa aka ce masa meyo, wato babu, sai ya ja kujerar mai shagon ya zauna yana murmushi har sai an je an nemo. Ni da nake ganin na fi shi boko, sau da yawa nakan dawo hannu biyu, shi ya dawo da kaya.

Sana'arsa haɗa kwantena. Wanda kayansa ba su isa su cika kwantena ba sai ya kawo masa, a haɗa da na mutum biyar ko shida, a aika gida da sunan Isyaku a takarda. Amana ce zalla. Kwalin da ya zo a ɗaure ba a kwance shi, domin a ganinmu na lokacin, ka buɗe kayan mutum daidai yake da ka ce masa ɓarawo.

Da wannan kunyar tamu aka cuce shi. Wani attajiri, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda 'ya'yansa, ya aiko wakilinsa Tanimu da tarin kwalaye an rubuta takalman roba a jiki. Tanimu magidanci ne har da furfura, a gidanmu ya ci ya sha mako biyu, a gabansa aka loda kayan, sannan ya koma gida. Da kwantenar ta isa aka buɗe, sai ga jabun maganin zazzaɓi na yara. Magana ta tafi kotun tarayya, aka kira Tanimu shaida.

A zamanin nan kiran waya gida sai da dalili mai ƙarfi, don haka kaset muke ɗauka mu ba matafiyi. Wata Juma'a da muka dawo daga masallaci Yaya ya ɗora rikoda a kan tebur, ni na danna masa da hannuna. Bayan gaisuwa da tambayar iyali ya ce:

"Tanimu, don Allah ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. Kai ka kawo kwalayen nan a ɗaure. Ka je ka faɗi abin da idonka ya gani, kada ka ƙara, kada ka rage."

Tanimu ya je, ya rantse da Alƙur'ani, ya faɗi gaskiya. Bayan wata biyu sai ya sake tsayawa a gaban alƙali ya ce shaidarsa ta farko ƙarya ce, Isyaku ne ya sa shi, ga ma kaset. Aka kunna. Ana kaiwa "Allah ya rufa naka" sai muryar Yaya ta yanke, wani wa'azi da aka naɗa a kai ya ɗora. Tafinta ya juya maganar da Turanci cewa Isyaku na roƙon a ɓoye masa sirrinsa. A ranar aka ƙara masa sabuwar tuhuma: sa shaida yin ƙarya bayan rantsuwa.

Ku da kuke karanta wannan, ku gaya mini Bahaushen da bai san rufin asiri ba. Tsohuwar da ka kai wa cefane za ta ce ka rufa mata asiri. Uban amarya da maƙwabta suka taya shi karɓar baƙi haka zai ce. Wanda ka ara wa riga zuwa ɗaurin aure haka zai ce. Babu wani sirri da ake ɓoyewa, mutunci ne ake tsarewa kada ya zube a gaban jama'a. Tafintan nan a kasuwa ya tsinci Hausarsa, don haka haushinsa da nake ji kaɗan ne. Waɗanda suka ƙona mini rai su ne 'yan kasuwarmu da suka cika bencin kotun, kowannensu ya faɗi wannan kalma ga wani a makon, suka ji an murɗe ta, suka sunkuyar da kai saboda attajirin na zaune a gaba. Ba a yi wata guda ba wasunsu suka laƙaba masa Alhaji Asiri, suna faɗa suna dariya a bakin rumfa.

Da ya so, da ya yi zamansa a Sin, babu mai zuwa ya ɗauko shi. Mun roƙe shi, har wani dattijo mutumin Kumasi da muke ajiye kaya a sitonsa ya riƙe masa jaka a ƙofa. Yaya ya ce ba za a riƙa kiran sunan ubansa a kotu yana nan yana cin shinkafa da tsinke ba. Ya tafi da ƙafarsa, aka karɓe fasfonsa.

Lauyansa ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kawo wani malamin Hausa ya shafe rabin yini yana bayani. Mai gabatar da ƙara ya tashi ya tambaye shi ko asiri na nufin sirri, ya ce yana iya nufi. Ko rufewa na nufin ɓoyewa, ya ce yana iya nufi. Sai ya koma ya zauna. Daga nan lauya ya gane bayanin kalma ba zai wadatar ba, sai an samu wanda ya ji sauran maganar da aka goge, ya zo ya rantse a kai. Mutum ɗaya ne a duniya, ni. Suka rubuto mini wasiƙa, lauya ya rubuta nasa da Turanci, Yaya ya ƙara layi uku da hannunsa a ƙasa.

Ban je ba. Na gaya wa kaina bizata ta kusa ƙarewa, in na fita ba lalle in samu dawowa ba. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Dalili shi ne, tun da Yaya ya tafi, attajirin nan ya maido da duk sayayyarsa hannuna, kuma a karon farko a rayuwata na fara jin ana ce mini Alhaji tun ban je Makka ba. Na karanta wasiƙar sau biyu, na ninke, na sa a ƙasan akwati, na fita kasuwa.

Shekara uku aka yi ana ɗage zama. A ƙarshe alƙali ya sallame shi saboda rabin kaset da bakin mutumin da ya amsa da kansa cewa ya yi ƙarya ba su isa hujja ba. Amma wa ya ji labarin sallamar? Tuhumar kowa ya ji ta, sallamar kuwa daga shi sai iyalinsa. Babu wanda ya sake ba shi ko kwali ɗaya. Bai cika shekara ba hawan jini ya kwantar da shi, kuma an gaya mini masu ce masa Alhaji Asiri su ne a sahun gaba ranar jana'iza. Tanimu ma, da ciwon ajali ya kama shi, ya aika a nema masa gafarar matar Yaya a zaure. Ƙaryar a gaban alƙali da jama'a, tubar kuwa a zaure.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Guangzhou ta yau. Zai yi mamakin samarinmu da ke fitowa daga jirgin ƙarƙashin ƙasa su cika benayen Guangyuan suna ciniki da Sinanci. Zai ga kowa na magana cikin waya yana aika murya gida a take, kuma wadda ka aika tana nan a wayarka, ba mai yanke maka rabi. Zai ga yanzu ba a loda kwali sai an farke shi an ɗauki hotonsa, kuma ba wanda ke jin an zage shi. Yaran ba su san a kan wa aka koyi wannan ba. Ina jin dariya zai yi, domin shi bai iya riƙo ba. Ni ne na iya, ga shi kuwa ban da bakin yi.

Bara na je ɗaurin auren jikarsa. 'Yarsa ta fari, Rabi, wadda tana 'yar shekara goma sha biyu aka fara shari'ar, ta sa aka kira ni cikin gida mu gaisa. Na daɗe ina guje wa wannan zama. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta sa aka kawo mini fura, ta yi ta ba 'yan'uwanta labarin yadda babansu yake yabona. Sannan ta ce:

"Baffa, har ya rasu yana cewa da wasiƙar nan ta same ka, da ka zo ko da a ƙafa ne. Ya ce mai kai ta ne ya yar a hanya."

Mai kai ta hannu da hannu ya ba ni, kuma da ya koma Kano ya gaya wa Yaya ya ba ni. Yaya ya sani sarai.

Sana'arsa ta tafi, sunansa a kasuwa ya tafi, ko hotonsa mai kyau ba mu da shi. Abin da ya rage shi ne gida guda na 'ya'ya da jikoki da ke miƙewa tsaye in na shigo. An yi shekara uku ana tuhumar mutumin nan da sa wani ya yi ƙarya. Ni ƙarya ɗaya na san ya yi a duk shari'ar, kuma domina ya yi ta. Rabi, wasiƙar ta same ni.