Dambun Ɗelu a Gaban Hukuma

Ku gyara zama, yau labarin Ɗelu ne, matar Malam Bahauddeen, wadda mutanen benenmu a Bukit Jalil suka fi sani da Maman Fatiha.

'Yar Yakasai ce a birnin Kano. Maza huɗu aka haifa kafin ita, shi ya sa sunan Ɗelu ya bi ta har ya danne na yanka. A ɗakin kakarta ta tashi, a nan kuma ta koyi dambun nama, ta kuma koyi cewa yarinyar kirki ba ta yabon abin hannunta. In baƙo ya ce miya ta yi daɗi, sai ki sunkuyar da kai ki ce ai gishiri ma ya ɗan yi yawa. Da wannan tarbiyya ta yi karatu, ta koyar a makarantar 'yan mata shekara shida, sannan ta biyo mijinta Kuala Lumpur da ya zo digiri na uku.

Takardar zamanta ta matar ɗalibi ce, ba ta ba da damar aiki ko sana'a ba, Ɗelu kuwa ba ta wasa da doka. Da annobar korona ta zo aka rufe gari, kowa yana ɗaki yana kallon ruwan la'asar ta taga, sai ta koma turminta. Ta dafa nama, ta daka, ta soya, ta zuba a 'yan robobi, ta bi ƙofofi tana ratayawa a hannun ƙofa. Ta ƙwanƙwasa ta yi gaba kafin a buɗe. Ɗaliban Yaman na hawa na tara sun ci, masu gadi sun ci, har tsohon Basinen nan da ba ya gaisawa da kowa ya dawo da robarsa a wanke, da lemo biyu a ciki. Duk wanda ya tambayi kuɗi, amsa ɗaya ce: ba na sayarwa ba ne.

Maƙwabciyarta Comfort, 'yar Pankshin, tana aiki a wani ofishi da ke taimaka wa mutane rajistar kamfani. Ita ta fara cewa wannan dambu ya wuce kyauta. Ɗelu ta yi dariya, amma maganar ta kai kunnen babban wanta, Yaya Ahmadu, mai fitar da citta da zoɓo daga Kano. Ya ce in har abin zai tafi bisa ƙa'ida, jari nasa ne.

Comfort ta zaunar da ita ta waya ta karanta mata darasi. Baƙo ba ya buɗe kedai, wato shago, haka kawai. Sai ya shigo da jari mai nauyi, ya nuna wurin aiki, ya ɗauki 'yan ƙasa. Babban abin kuma, ya gamsar da hukuma cewa abin da ya kawo sabo ne, ba wanda 'yan ƙasa suka riga suke yi ba. Lokaci kuma ya matse, don Malam ya miƙa kundinsa, takardunsu duka za su ƙare a ƙarshen Disambar 2021. In an amince da kamfanin, Ɗelu za ta sami takardar kanta a matsayin manaja, su zauna. In ba a amince ba, sai ɗaure kaya.

Komai ya tafi daidai har ranar ganawa da hukuma, wadda aka yi ta bidiyo saboda annoba. Ɗelu ta sa leshinta na biki ta zauna a gaban kwamfutar Malam. Comfort tana wani ɗan akwati a gefen allo, an kashe mata murya. Jami'ar dattijuwa ce mai fara'a, ga robar dambun da aka aika a gabanta. Ta ce ta ɗanɗana, ta ji daɗi, amma ya yi mata kama da serunding, wato nasu dambun na Malay. Mene ne bambancin?

Ɗelu ta dube ta. Baƙuwa ce ita a ƙasar mutane, matar ta girme ta, ga shi har ta yaba. Sai kanta ya sunkuya da kansa.

"Ai kusan ɗaya ne, ranki ya daɗe," in ji ta da Turanci mai ladabi. "Naku ma ya fi daɗi."

Jami'ar ta tambaya ko ɗan Malaysia zai iya yin irinsa. Ɗelu ta ce kowa ma zai iya, ba wani abu ba ne. A cikin ɗan akwatinta Comfort tana ta ɗaga hannuwa kamar mai tsayar da mota, ba mai jin ta.

Bayan sati biyu takarda ta zo. Ba a amince ba, domin mai neman izini ta faɗa da bakinta cewa ana yin irin kayan a ƙasa. Amma akwai damar ɗaukaka ƙara.

Comfort ta sauko da takunkuminta ta tsaya a bakin ƙofa. "Maman Fatiha, hukuma na tura ki, ba gidan surukai ba."

"To Anti Comfort, a ƙasarsu, a gaban idonta, in ce nawa ya fi nasu? Da wane bakin?"

Kwana uku ana gwaji a falo. Malam ya sa tabarau ya zama jami'ar hukuma, ya tambayi bambanci. Ɗelu sai ta fara da ƙarfi, tana kaiwa tsakiya sai ta ƙara da "duk da dai ban iya sosai ba", su kwashe da dariya su duka. A rana ta uku Malam ya cire tabarau ya ce wahalar banza suke yi. A gida ma ba wanda ke yabon kansa, wani ake samu ya yi maka. Comfort ta bincika, ta dawo ta ce ana karɓar shaidar wanda ya san sana'ar.

Da aka sassauta doka suka hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Kampung Baru, wurin Makcik Zaiton, wato Inna Zaiton, wadda ta shekara talatin tana sayar da serunding a rumfa ɗaya. Ɗelu ta gaishe ta da 'yar Malay ɗinta, ta miƙa roba, Comfort ta ba da labari. Makcik ta ɗiba ta tauna. Ta yi tari, ta sha ruwa, ta sake ɗiba. Sai ranta ya ɓaci, amma ba da dambun ba. Wa ya ce wannan serunding ne? Ina madarar kwakwa, ina sukari? Wannan abin da ke cizon harshe daga baya kuma fa? Aka ce mata kimba ce da masoro. Ta karɓi ƙullin yajin da Ɗelu ta zo da shi ta ce a ba ta sati ɗaya, ba abin nama da zai gagare ta. Kwana biyar ta bugo waya tana faɗa, ta ce ta ɓata nama sau biyu, na farko ya zama gari, na biyu ya zama igiya.

Ranar ganawa ta biyu Makcik ta zo da kanta, ta zauna nesa kaɗan da Ɗelu kamar yadda doka ta ce, ta ajiye roba biyu a gaban kwamfuta. Minti goma sha biyar tana magana da Malay. Ɗelu ba ta tsinci ko rabi ba, ta dai ga jami'ar tana share hawayen dariya. Daga baya Comfort ta gaya mata cewa rabin jawabin kare mutuncin serunding ne daga masu haɗa shi da abin da ba shi ba, sauran rabin kuma neman a ɗauki jikarta aiki.

Jami'ar ta juyo kan Ɗelu ta ce shaida ta yi kyau, amma mai kamfani take son ji. Har yanzu kusan ɗaya ne?

Ɗelu ta ji kanta yana shirin sunkuyawa, ta riƙe gefen tebur.

"Ba ɗaya ba ne," in ji ta. "Wannan na kakata ne, shekara ashirin ina yin sa. Duk wanda kuka ba ni zan koya masa, amma sai ya yi wata shida yana daka kafin hannunsa ya faɗa."

Tana gamawa ta ja mayafi ta rufe fuska. Makcik ta matso ta buga mata cinya ta ce boleh, wato ta iya.

Amsa ta iso ranar tara ga Disamba, Ɗelu tana zaune a layin allurar rigakafi ta uku. An amince, da sharaɗin ta ɗauki 'yan ƙasa uku ta horar da su. Ta karanta a waya sau biyu, idonta ya cika, daidai lokacin da aka kira lambarta. Ma'aikaciyar jinya ta ga mace babba tana hawaye, sai ta dafa kafaɗarta tana lallashi, wai allurar ƙarama ce, ta kau da kai kawai. Ɗelu ba ta yi mata gardama ba. Ta naɗe hannun riga, ta kau da kai, tana ta murmushi a cikin takunkumi.