Madubi a Bakin Rijiya

Mahaifina haƙar rijiya ce sana'arsa, a ƙasar Mayahi. In zai saukar da mutum, sai ya tsaya a baki da madubi, ya tare rana ya jefa haskenta ƙasa. Yakan ce wa mai sauka: "Rijiya in ta matse, haske ya hi saurin isa gindinta. Kahin ka kai yana can yana jiranka."

Shekarar babban fari, zamanin soja, rijiyar garinmu ta ƙafe, aka taru a ƙara mata zurfi. Ni lokacin sabon malamin kimiyya ne a Tasawa, na zo hutu kaina a kumbure. Da Baba ya faɗi maganar tasa, bakina ya ƙi rufuwa. Na ce saurin haske bai san rijiya ba, masana sun auna. A gaban jama'a na faɗa, har da ɗan faransanci.

Wanda aka ɗaura wa igiya ya dubi ramin, ya kwance ta. Ya ce, "In tsoho bai san haske ba, wa ya ce ya san ƙasa?" Ba wanda ya yarda ya sauka. Baba da furfurarsa ya shiga da kansa. Kwana na uku ƙasa ta rufto, ta karya masa ƙugu. Aka bar rijiyar, rabin gari ya yi kudu. Baƙin cikin wannan rana har yau bai sake ni ba.

Bayan shekaru, soja sun dawo, fari ma ya dawo. Na karanta a wata mujalla cewa sararin da muke cewa ba komai a cikinsa ba wofi ba ne. In aka matse shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe, lissafi ya nuna haske zai ƙara sauri, ɗan kaɗan da ba ya aunuwa. Na san ba ruwan wannan da rijiya. Duk da haka na hau mota sai gida.

Na tarar da Baba a tabarma, sandarsa a gefe. Na durƙusa na ce, "Baba, ashe kai ke da gaskiya. Masana sun ce in wuri ya matse, haske na ƙara sauri."

Ya ce, "Ni na san ba haka ba ne, ɗana. Mutum ne za shi shiga rami gaba talatin, tsoro ya cika shi. Mi kake so in ce mishi?"